Kowa Likita Ne a Garin da Yaya Take Aiki

Hutun damina na bara, kwana uku da saukata daga kar ɗin Yamai, Yaya ta iso gida goye da ɗiyarta, da wata jakar leda a hannu. Ba ranar hutunta ba ce, don haka Inna ta tare ta tun daga zaure da tambayar ko lahiya. Ta ce lahiya lau, magana ce ta kawo ta. Ba ta faɗi maganar ba sai bayan isha'i, da kuran ya ɗauke, kowa ya fito tsakar gida shan iska. Ta jawo tabarmarta kusa da tawa, ta kunna fitilar salula, ta zaro takardu biyu daga cikin ledar.

"Malam Nahawu," haka take ce mini tun da na shiga sashen ilimin harsuna, "kai ne ɗan jami'ar gidan ga. Diba min takardun ga, ka hwaɗa min gaskiya."

Ta farko sanarwar konkur ce, ta ma'aikatan jinya masu son komawa makaranta su ƙware a wani reshe. Ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin reshe guda: anestezi, wato aikin sa barci a ɗakin fiɗa. Ta biyu tsohuwa ce, ta sha ninki har ta fara yagewa. Takardar makin bak ɗinta ce, seri D, ta shekara 11 da suka wuce. A bayanta ta rubuta da fensir jerin takardun da ake nema in mutum zai kai dosiye tsangayar likitanci.

Na gane tambayar tun ba ta yi ta ba. Ko dai ta ɗora a kan aikin da take yi, ta ƙara shekara biyu ko uku ta zama ƙwararriya a fanni guda, ko kuma ta ajiye komai ta koma shekarar farko ta karanta likitanci, tana da shekara 30, da miji, da ɗiya ƴar shekara uku.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, bari in koma baya kaɗan. Yaya ta ci bak da maki mai kyau a shekarar da kasuwar Baba ta karye, bayan wani abokin cinikinsa ya ɓace da kuɗin buhunan aya. Burinta tun tana lise shi ne likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni. Amma karatun likita shekara bakwai ne zuwa takwas, in ba a yi farar shekara ba, kuma Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi. Baba ya zaunar da ita ya ce ba zai iya riƙon shekara takwas ba, amma zai iya uku. Ta tafi makarantar lafiya ta ENSP a Damagaram, ta zauna gidan Gwaggo, ta fito da difloma. Ta yi sarbis sibik, ta yi kontara, daga baya ta samu lambar matrikil. Yau ita ce majo a wata CSI ta ƙauye, kilomita 45 daga likitar gunduma, rabin hanyar kuma rairayi ne.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da majo yake. A tsarin lafiyar ƙasarmu akwai kaz, sai CSI, sai likitar gunduma, sai ta jiha, sai manyan na ƙasa irin na Yamai da Damagaram. A mafi yawan CSI na karkara ba a ganin dokta, ma'aikacin jinya ne shugaba. Yaya ce ke duba marar lafiya, ita ke rubuta ordonas, ita ke ɗinke wanda fartanya ta sare, ita ke karɓar haihuwa in sazfam ba ta nan, ita ke lissafin magani da rahoton wata. Tun 2006 da aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba su, layin mata a ƙofarta ba ya ƙarewa, balle a watan Agusta da Satumba da masassara ke kwantar da gari. Na taɓa kwana biyu a wurinta. Ban ga ta ci abinci a zaune ba.

Na tambaye ta me ya tayar da tsohuwar takarda bayan shekara 11. Ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin wani dare, mako biyu kafin zuwanta.

An kawo mata wata yarinya a amalanke, cikin fari, ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida. Da ta duba ta, ta gane kan jaririn ba zai wuce ba. Bugun zuciyarsa yana nan amma ya fara rauni. Ta san abin da ake buƙata sarai: a fiɗa a ciro shi, cikin sa'a ɗaya ko biyu. Ba ta da ɗakin fiɗa, ba ta da izini, ba a koya mata ba. Ta kira ambilans. An yi ruwa da yamma, ƙorama ta kawo, mota ba ta iya ƙetarewa, sai da aka ɗauki yarinyar a kan tabarma aka haye da ita. Yaya ta bi su. Sun isa likitar gunduma wajen ƙarfe biyu na dare. Dokta yana nan, kuma ya iya aikin. Ɗakin fiɗa yana nan, injin wuta yana aiki. Amma mai sa barci mutum ɗaya ne a duk gundumar, an yi masa rasuwa ya yi tafiya. Dokta ya tsaya da safar hannu ba yadda zai yi. Aka sake ɗora yarinyar a mota zuwa Maraɗi. Uwar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

"Tun daga ranan ba ni barci sosai," in ji Yaya. "Wani bi in ce, da ni dokta ce da ban tsaya ina kallo ba. Wani bi in ce, a'a, ai dokta shina nan, abin da ya ɓace allura guda ce a gadon baya, wadda za ta kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Da ni na iya ta, da an yi aikin nan take."

Dare ɗaya ne ya haifi takardun biyu. Shi ya sa ta kasa zaɓe.

Ni kuwa, da rawar kan ɗan shekara ta uku, sai na ɗauko abin da na iya. A sashenmu an koya mana cewa in kalma ta yi ƙaura daga wani harshe zuwa wani, ba ta zuwa da kayanta duka, kuma tana tsintar wasu a hanya. "Likita" daga kalmar Ingilishi ta fito, wadda muke ji yau a matsayin "dokta". Bakin Bahaushe ya mai da harafin farko ya koma "l", ya raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali. Zabarmawa ma sun yi kusan haka, suna cewa "lokotoro". Amma a nan Nijar kalmar ta yi faɗi. Muna cewa "an kai shi likita", "ya kwana likita", wato wurin. Muna kiran duk mai farar riga likita, daga dokta har mai share ɗaki in ya riƙe almakashi. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano sun raba: wurin asibiti ne, mai jinya nas ce. Mu "majo" muka ɗauko daga Faransanci. "Ma'aikaciyar jinya" kuwa a rediyo kawai ake jin ta. In ka ce "mai jinya" a ƙauye, za a nuna maka tsohuwar da ke zaune gefen gado tana yi wa jikanta fifita.

Na ƙara da cewa tsofaffin sunayenmu aikin hannu suke bi. Ungozoma tana yanke cibi, wanzami yana kaciya da ƙaho, maɗori yana ɗora karaya. Ba wanda ya taɓa tambayar maɗori takardarsa, ƙafar da ya ɗora ake dubawa. Na rufe da abin da na ɗauka hikima ce.

"Yaya, ai ke likita ce tuni. Duk garin haka suke kiranki. Mi za ki je nema shekara takwas wanda ba ki da shi?"

Ta bari na kai aya. Sannan ta ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

"Sunan ga da kake yabo, shi ne ciwona. Suna ce min likita don ba su da wani. In uwa ta miƙo min ɗanta, ta ɗauka duk abin da ke jikinshi na sani. Ni ko ina da littahi, in ka ga kaza ka yi kaza, in ka ga kaza ka tura gaba. Masassara, zawo, tari, tamowa, waɗannan na san su awa tahin hannuna, na hi wani sabon dokta saninsu. Amma watan jiya an kawo min yaro, jikinshi ya kumbura, hitsarinshi ya canza, gwajin masassara bai nuna komi ba. Ƙoda ce? Zuciya ce? Ina zato, amma ban sani ba. Dokta an koya mishi ya yi tunani inda littahi ya ƙare. Ni nan nike tsayawa. Kai kana maganar suna, ni ina maganar iyaka."

Na ji kunya, kuma na cancanci jin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na zo da darasin aji na shafe mata bambancin da ita take kwana da shi kowane dare. Harshenmu ya haɗa dokta da majo a kalma guda, amma cuta ba ta haɗa su ba, doka ba ta haɗa su ba, takardar albashi ma haka.

Da safe maganar ta fito fili, kowa ya kawo tasa. Baba ne ya fara, kuma ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ɗiyata, ni na tare miki hanya wancan karo. Ban manta ba. In likitanci kike so, ki tahi. Gonar bakin hanya tana nan, sai a saida."

Inna ba ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba. "A saida gona, to. Yarinyar ga hwa? Ranar da uwatta za ta ƙare, ta kai shekara goma sha ɗaya. Mijinki malamin lakwal na, albashi nai ba ya kai ku ƙarshen wata. Wa zai riƙa gidan?"

Kawu, wanda ya shigo gaisuwa ya tarar da zance, lissafi ya yi. Ya ce dokta yana iya buɗe kilinik a birni ya mai da kuɗinsa cikin ƴan shekaru, mai sa barci kuwa kullum yana bayan wani, ba a san sunansa ba, in aiki ya yi kyau dokta za a gode wa. Mijin Yaya, da aka kira shi a salula, ya ce duk abin da ta zaɓa ya yarda. Yaya ta ce da ta fi son ya yi gardama, da ta samu wanda za ta ɗora wa laifi.

Na lura kowa tsohon mikinsa yake taɓawa. Baba yana son ya biya bashin da ke zuciyarsa. Inna tana tuna shekarun da ta riƙe gida ita kaɗai lokacin da Baba ke bin kasuwanni. Ba wanda ya yi ƙarya, kuma ba wanda ya yi maganar yarinyar amalanke.

Da rana na buga wa abokin ɗakina na site, ɗan shekara ta shida a likitanci, wanda rabin kwanansa a gardi yake yi. Na ba shi labari. Ya ce in tana da zuciyar ta zo, ya ga waɗanda suka girme ta sun gama. Amma ta san abin da ke jiranta: in ma an karɓi dosiyenta da tsohon bak, za ta zauna anfi da yara ƴan shekara 18, ta haddace ƙasusuwa da jijiyoyi da sinadaran jiki, ta yi shekaru kafin a bar ta ta yanke shawara a kan marar lafiya, ita da ta saba yanke ta sau hamsin a yini. Ya ce ranar da ya fara sa wa mutum ƙarin ruwa, wata tsohuwar majo ce ta riƙe masa hannu. Sai na tambaye shi, in ya gama, zai tafi gunduma irin ta Yaya? Ya yi dariya. Ya ce yana son ya ƙware, wato wasu shekara huɗu ko biyar, bayan haka kuma kayan aikin ƙwararre a birni suke. Bai ɓoye ba, ban kuma ga laifinsa ba. Wanda ya ba da kusan shekara 12 yana da haƙƙin ya so ƴaƴansa su yi lakwal mai kyau. Sai dai amsarsa ta nuna mini wani abu: hanyar da ta fi tsawo ba lallai ta mai da mutum inda ya fito ba.

Wannan matsala ba a kanmu ta fara ba. A 1918 Faransawa suka buɗe makarantar likitanci a Dakar don horar da ƴan Afirka su zama mataimakan likita. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa, a can ya fito a 1925. Suna yin aikin likita a daji, amma a takarda suna ƙarƙashin likitan Bature, kuma ba su da hanyar kamo shi. Ina jin wannan tsoron na zama "rabin likita" har yau yana cikin jininmu, shi ne ke magana ta bakin Kawu. Amma akwai inda aka ɗauki matsakaicin matakin da daraja. A Amurka, a 1965, wata ma'aikaciyar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe karatu a Jami'ar Colorado don ma'aikatan jinya su riƙa duba yara da kansu a inda likitoci suka yi ƙaranci. Yau masu wannan matsayi suna duba marasa lafiya suna rubuta magani. Faransa sai a 2018 ta kafa irin nata, inda ma'aikacin jinya mai shekara uku a bakin aiki zai ƙara mastar ta shekara biyu. Mozambik kuwa, da ta rasa likitoci bayan samun ƴanci, tun 1984 ta fara koya wa waɗanda ba dokta ba aikin fiɗa, kuma su ne suka riƙe fiɗar haihuwa a likitocin karkararta, su ne kuma suka fi zama a can.

Da na karanta wa Yaya waɗannan a salula, ba ta yi mamaki ba. Ta ce abin da Amurka ta yi wa suna da difloma, majo na ƙauye yana yin sa kullum ba tare da an ƙara masa ilimi ko dala ba. Abin da take tsoro shi ne ta ƙaro karatu ta dawo ta tarar matsayinta a takarda bai motsa sosai ba. Ta san waɗanda hakan ta faru da su.

Saura abin da ya fi mini wuyar rubutawa. A daren na biyu, bayan kowa ya kwanta, na kasa barci. Na tambayi kaina me ya sa tun farko na yi saurin ce mata ita likita ce tuni, me ya sa duk misalan da na nemo sun karkata gefe guda. Amsar ba ta da nisa. Duk ƙarshen wata Yaya tana aiko mini da jikka 15. In buris ya yi jinkiri, da su nake cin abinci, da su nake fotokopi, har da na ɗan littafin nan da kuke riƙe da shi. Kuɗin rajistata na shekarar farko ita ta biya. In ta tafi likitanci, wannan ya ƙare, kuma ni ina da niyyar mastar. Ashe alƙalin da ta zaɓa yana da kaso a cikin shari'ar.

Da asuba na same ta tana dama wa ɗiyarta kunu. Na ce, "Yaya, kar ki ɗauki shawarata. Ina cin albashinki, bakina ba shi da gaskiya."

Ta dube ni, ta yi murmushin da ya sa na ji kamar ɗan shekara bakwai. "Yo kai kana zaton ban sani ba? Na sa ka cikin lissahi tun kahin in taso. Kai, da auta, da maganin hawan jinin Baba. Ba don ka zaɓa min na tambaye ka ba. So nike in ji maganar a bakin wani, in ji ko za ta yi min zahi."

"To ta yi?"

"Ta yi. Amma ba inda na zata ba."

Ta ce da na ce mata ita likita ce tuni, ta ji haushi, ta gane har yanzu tana son ilimin nan, kuma watakila za ta mutu tana son sa. Amma da ta kwanta ta auna ranar da za ta fito dokta tana da shekara 38 ko 39, sai ta tambayi kanta ina za ta kasance. Ta ga kanta a birni, tana biyan bashin shekara takwas. Ba ta ga kanta a ɗakin nan na ƙarfe biyun dare ba. Da ta auna ɗaya hanyar, ta ga ɗakin, ta ga kanta a tsaye wajen kan marar lafiya, tana ƙirga numfashi, ba wanda ya san sunanta.

"Ba wai wanga ya hi wancan ba," ta ce. "Da ina da shekara 19, da Baba yana da hali, wallahi likitanci zan yi, ba ni ko waiwaye. Amma ba ni da 19. Wanda nike iya ɗauka ba tare da na kada kowa ba, shi na ɗauka. Kuma ka sani, ban yahe maka ba. Auta tana son likitanci. Shekara biyu suka rage mata ta yi bak. Ran da ka hwara ɗaukar albashi, rabin nauyinta naka na."

Na ce na ji. Ban taɓa karɓar bashi da sauƙin zuciya irin wannan ba.

Baba bai ji daɗi ba. Ya yi kwana biyu ba ya doguwar magana. Ina jin ya so a ba shi damar sayar da gonar, don ya huta da abin da ke cin sa. Ranar da Yaya za ta koma, ya raka ta har tasha, abin da bai saba ba, ya riƙe mata jakar ledar. Ban ji abin da suka ce ba.

Na rubuta wannan ne don na san da yawa a cikinmu suna tsaye a irin wannan mararraba, ko ƙannensu suna tsaye. Yanzu da jami'o'in Maraɗi da Damagaram suke da tsangayar lafiya, Yamai ba ita kaɗai ba ce ƙofa, kuma makarantun jinya masu zaman kansu sun cika gari. A fada, in ana shan shayi aka tayar da zancen, kullum gardamar ɗaya ce: wa ya fi wani, wa ya fi kuɗi, wa ake tashi a gaida. Ni ma da haka na ɗauke ta. Abin da na koya a tabarmar Yaya shi ne tambayoyin da suka fi amfani ba su da daɗin ji. Shekara nawa kake da su, kuma na wa za ka ci kafin ka gama? Abin da ke hana ka barci, rashin sanin ciwon ne, ko rashin hannun da zai yi aikin? A wane ɗaki kake ganin kanka in ka gama, a wane gari? Sannan duk wanda ka je wa shawara, ka tambayi kanka me zai samu, me zai rasa. Wanda ya ji a ransa cewa ba zai huta ba sai ya san abin da ke bayan littafi, kuma yana da mai riƙe shi, ya tafi likitanci, kada a rarrashe shi da cewa duk ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne. Wanda kuma ya ɗauki jinya ya zurfafa a cikinta, kada ya yi ta a matsayin wanda ya fāɗi jarabawa. A daren nan akwai dokta a ɗakin, kuma bai isa ba.

Yaya ta kai dosiyenta, ta yi konkur ɗin. Lokacin da nake rubutun nan sakamako bai fito ba. Tana nan a CSI ɗinta, damina ta sake zagayowa, layin mata ya dawo. Takardar bak ɗin ba ta yar ba. Na gan ta a cikin akwatinta, ta sa ta a sabuwar leda.

A sashenmu an ba mu aikin tattara kalmomin aro na fannin lafiya, kowace kalma da katinta: asali, furuci, ma'ana, misali. Na cika na "majo", na cika na "ordonas" da "sazfam". Katin "likita" yana nan a cikin kayena, na rubuta asali da furuci, na bar wurin ma'ana. Makon jiya na buga wa Yaya in tambaye ta yadda za ta fassara shi. Ta ce in kira ta an jima, an kawo mata yaro yana jijjiga.